Ina Laftop Ɗin Nan Ta Shiga? Tsara Rumbun Bayanan Kwamfutocin Ofis

Ga mu kuma a shirinmu na kimiyya da fasaha. Yau da masu riƙon amanar kayan ofis za mu yi: ma'ajin sito, da jami'in kula da kwamfutoci a makaranta ko asibiti ko sakatariyar ƙaramar hukuma, da mai cibiyar jarabawa, har da mai shagon buga takardu da Allah ya buɗa masa ya tara na'urori. Batunmu shi ne yadda ake tsara rumbun bayanai da fom-fom don bin sawun kwamfutoci. Mai biro da takarda a kusa ya jawo su, domin rabin wannan aiki a kan takarda ake gama shi tun ba a kunna kwamfuta ba.

Duk ranar da odita ya sauka a ma'aikata, tambaya uku yakan yi a kan kaya. Nawa gare ku? Ina kowanne yake yanzu? Kafin ya zo nan, a hannun wa yake? Ta farko da ta biyu, ko ba a rubuta komai ba, mutum zai zaga ofis-ofis ya ƙirga, ya kawo amsa kafin azahar. Ta ukun ce ke sa zufa. Laftop ba ta cika ɓacewa tana zaune a teburin mai ita ba. Tsakanin hannu da hannu take salwanta. An yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki ya tafi da ita, ko an kai ta gyara an manta wanda ya kai, ko shugaban sashe ya are ta don taron kwana biyu, sai ga shekara ta zagayo. Don haka rajistar da inda kaya yake yau kawai ta sani, rabin rajista ce. Wadda muke son ginawa ita ce mai riƙe labarin kowace miƙawa.

Bari mu duba abin da aka saba yi. Ana buɗe shafi ɗaya a Excel, a jera kanu a sama: lamba, irin kwamfuta, sunan mai riƙe da ita, ofishinsa, lambar wayarsa, wanda ya kawo kayan, ranar saye. Kowace kwamfuta da layinta. In kayanku ba su wuce goma sha biyar ba, kuma mutum ɗaya ne ke rubutun, ku ci gaba da abinku, kada kowa ya ɗaga muku hankali. Amma ku ɗauki cibiyar jarabawar JAMB. Tun 2015 hukumar ta koma yin jarabawarta da kwamfuta gaba ɗaya, kuma zaure ɗaya kan ɗauki ɗalibai 250 a zama guda, ban da kwamfutocin ko-ta-kwana, ban da kyamarori da na'urorin rarraba layi da UPS. A irin wannan wuri, shafi ɗaya tun da wuri yake fara ba da matsala.

Ta farko maimaici. Ma'aikaci ɗaya yana riƙe da laftop da firinta da UPS, an rubuta sunansa da wayarsa sau uku. Ya canza layin waya, an gyara a wuri biyu an manta na uku. To wace lambar ce daidai? Sannan ga rubutun suna. Yau an sa Muhammad, gobe Mohammed, jibi Moh'd, wani akawun ya zo ya taƙaita ya sa Muhd. Mu mun san mutum ɗaya ne. Ita kwamfuta mutum huɗu take gani, in ka ce ta tattaro maka kayan da ke hannunsa, kashi ɗaya za ta kawo ta yi shiru. Ta biyu ta fi muni. Kwamfuta ta tashi daga ofishin kuɗi ta koma ɗakin karatu, sai a goge sunan tsohon mai riƙewa a rubuta na sabo a kansa. Da hannunmu muka share tarihi ke nan. Ta uku, ranar da aka goge layin wata tsohuwar firinta da ta mutu, sai daga baya a gane a layin nan kaɗai aka taɓa rubuta adireshi da wayar dillalin da ya kawo ta. Firinta ta tafi, ta tafi da dillali.

Ga kuma halin Excel ɗin kansa. Don lissafi aka gina shi, duk abin da ya gani so yake ya mai da shi adadi. Ka rubuta lambar waya mai farawa da 080, ya cinye sifirin farko. Ka rubuta lambar da ta haura alƙaluma 15, irin doguwar lambar nan da ke jikin katin SIM na modem, ya mai da na ƙarshen sifiri bai ce maka uffan ba. Siriyal lamba irin 12E45 kuwa, ɗauka yake wani gagarumin adadi ne na masu kimiyya, ya juya ta yadda ba za ka gane ta ba. Kada ma ku ce mu kaɗai abin ke samu. A watan Oktoban 2020 hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona ba su shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, saboda an zuba sakamakon a tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Fayil ya cika, sauran suka zube, aka makara wajen neman mutanen da suka yi cuɗanya da su.

Maganin wannan ya girmi da yawa daga cikin masu saurarenmu. A watan Yunin 1970 wani masanin lissafi ɗan asalin Ingila, Edgar Codd, da ke aiki a cibiyar binciken kamfanin IBM a garin San Jose na jihar Kalifoniya, ya wallafa maƙalar da ta sauya yadda duniya ke ajiye bayanai. Kafin shi, mai neman wani bayani a kwamfuta sai ya san ainihin hanyar da aka bi aka jera shi, ya bi ta daki-daki. Codd ya ce a zuba bayanai a jadawalai, kowane jadawali da abu ɗaya tak da yake magana a kai, kowane bayani a rubuta shi a wuri ɗaya, sannan a ɗaure jadawalan da juna ta lambobin da suka yi tarayya a kansu. A 1974 abokan aikinsa biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka fito da harshen da ake yi wa irin wannan rumbu tambaya, wanda yau ake kira SQL. Kamfanin da yau ake kira Oracle ya fara sayar da nasa a 1979, shi kuma Codd aka ba shi lambar yabo ta Turing a 1981.

Kun ma san tsarin, ko ba ku san sunansa ba. Ka je asibiti, an yanka maka kati sau ɗaya, an rubuta sunanka da unguwarku, an ba ka lamba. Daga nan duk zuwan da ka yi, likita ba ya sake tambayar sunan mahaifinka, sabuwar takarda ake sawa a fayil ɗinka mai ɗauke da lambar katin da kwanan wata. Ba kuma a yage takardar zuwan bara don ka zo bana. Mutum ɗaya, zuwa da yawa, lamba ce ke haɗa su. Haka za mu yi wa kwamfutocinmu.

To, a ɗauki biro. A rubuta abubuwan da ke cikin wannan harka, kowanne a zana masa akwati: na'ura, samfuri, ma'aikaci, ɗaki, dillali. Kowane akwati jadawali ne. A na ma'aikata, suna da sashe da lambar fayil da waya, kowa layi ɗaya. A na ɗakuna, sunan gini da lambar ɗaki. A na dillalai, suna da adireshi da waya. Waɗannan babu wahala, kada a tsaya ɓata lokaci a kansu.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne bambanta na'ura da samfuri. A ce an kawo muku laftop hamsin iri ɗaya daga kwali ɗaya. Sunan kamfanin da ya ƙera su, da sunan samfurin, da girman allo, da irin cajar da suke ci, duk ɗaya ne. Wannan a rubuta shi sau ɗaya a jadawalin samfura. Abin da ya keɓanta ga kowace guda, wato siriyal lambarta, da ranar da aka saye ta, da farashinta, da ranar da garantinta zai ƙare, da halin da take ciki, shi ke zama a jadawalin na'urori, tare da lambar samfurin da lambar dillalin. Ram da ma'adanar ciki kuwa, ni a jadawalin na'urori nake ganin ya dace su zauna, domin a ofisoshinmu kwamfuta biyu da suka fito tagwaye, bayan shekara uku an ƙara wa ɗaya ram, an rage wa ɗayar.

Kowane layi a kowane jadawali yana buƙatar lambar shaida wadda babu mai irinta, kuma ba ta canzawa har abada. Suna ba zai yi wannan aiki ba, ofis ɗaya sai ka samu Musa Ibrahim biyu, har a riƙa cewa dogon ko gajeren. To siriyal lambar masana'anta fa? A ido kamar ta isa. Kwamfutocin Dell, alal misali, kowacce tana da lamba mai haruffa da alƙaluma bakwai a manne a jikinta. Amma ku juya wata tsohuwar laftop ta gwanjo ku duba cikinta: takardar ta sha zafi da gumin cinya, ta koɗe, ba ka bambance harafin O da sifiri, ko harafin I da ɗaya. Kwamfutar da aka harhaɗa a kasuwa kuwa, in ka tambaye ta siriyal lambarta, sau da yawa wata jimla ce za ta nuna maka mai nufin masana'anta ce za ta cike wannan gurbi, kuma guda ashirin duk jimlar nan ɗaya za su ba ka. Wadda aka canza wa babban allon ciki ma, lambar da ke cikinta tana iya saɓa wa ta jikin murfi. Saboda haka ku ba kowace na'ura lambarku ta gida, ku manna ko ku zana a jikinta. Siriyal lamba ta zauna a gurbinta daban, a gaya wa rumbun cewa rubutu ce ba adadi ba, a kuma hana shi karɓar iri ɗaya sau biyu.

Wata shawara a kan lambar gidan. Akwai masu son cusa labari a cikinta, su sa harafin sashe da lambar ɗaki da shekara, ta yi tsawo kamar lambar mota. Yana da kyau a ido, sai ranar da aka ɗauke kwamfutar daga sashen kuɗi aka kai ta sashen ma'aikata, lambar da ke jikinta ta koma faɗin ƙarya. Ku bar ta a sauƙaƙe, 0001, 0002, haka har gaba. Inda na'ura take, aikin wani jadawalin ne, kuma shi za mu shiga bayan wannan ɗan kiɗa.

(Ɗan kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Masu sauraro, da kun lura, a jadawalin na'urori ban ce a sa sunan mai riƙewa ko ɗakin da take ba. Da gangan ne. Waɗannan biyun gidansu jadawali na shida, jadawalin miƙawa, wanda shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Kowane layi a cikinsa abu ne da ya faru: na'ura mai lamba kaza, an miƙa ta ga ma'aikaci mai lamba kaza, a ɗaki kaza, ran kaza ga wata, wane ne ya miƙa, tana cikin hali kaza, da caja ko babu. Sai gurbi na ƙarshe, ranar dawowa, wanda ake bari fayau har sai ta dawo.

Ku bi ni mu ga yadda yake aiki. Laftop mai lamba 0042 ta shigo sito a watan Janairu, layi na farko ke nan. A Fabrairu an ba akawun kuɗi: a rufe layin sito da ranar fita, a buɗe na biyu. A Yuni an yi masa canji, ya dawo da ita, a rufe na biyu a buɗe na uku. A Yuli an ba malamar da ke kula da ɗakin karatu, na huɗu. In aka tambaye ka ina 0042 take yau, layin da ranar dawowarsa ke fayau shi ne amsa. In aka ce wa ke riƙe da ita a watan Afrilu lokacin da allonta ya tsage, ga layi na biyu yana kallonka. In ma'aikaci zai yi ritaya ya zo neman a sa masa hannu a takardar sallama, ka kira lambarsa, duk layukan da ba a rufe ba su fito. Babu gardama, babu rantse-rantse, babu zancen ai na ba wane tun kafin azumi. Doka ɗaya ce ke riƙe da wannan duka: a jadawalin miƙawa ba a goge layi, ba a rubutu a kan tsoho, ƙari kawai ake yi. Kuma na'ura ɗaya ba ta da buɗaɗɗen layi biyu a lokaci guda, domin ba ta zama hannu biyu.

Gyara ma haka. Jadawalinsa daban: lambar na'ura, ranar da ta fita, abin da ke damunta, wanda ya gyara, abin da aka canza, kuɗin da aka kashe, ranar dawowa. Ku ƙara gurbi biyu da mutane ke raina wa, girman ram da na ma'adanar ciki lokacin fita da lokacin dawowa. Ba zargin kowa nake yi ba, masu gyaranmu da yawa mutanen kirki ne, amma kwamfutar da ta fita da gigabait 8 ta dawo da 4, ba ta da bakin da za ta kai ƙara. Bayan shekara biyu wannan jadawali zai nuna muku na'urar da kuɗin gyaranta ya haura kuɗin sayenta, da samfurin da ba ya jure ƙurarmu da zafinmu, sai ku san abin da za ku ce wa ɗan kwangila in ya sake kawo irinsa.

Kada dai a wuce gona da iri. Na san akwai mai son ya ba kowane linzami da kowace wayar wuta lamba. Wata uku zai yi ya gaji, ya watsar da rajistar gaba ɗaya. Abin da ke da tsada, ko yake da siriyal lamba, ko yake ɗauke da bayanan mutane, shi ake bi ɗaya-ɗaya. Tawadar firinta da linzami da kebur, a ƙirga su a dunƙule: nawa suka shigo, nawa suka fita. Manhajojin da aka saya da lasisi kuma, tun da manhaja ɗaya tana kan kwamfutoci da yawa, kwamfuta ɗaya kuma tana ɗauke da manhajoji da yawa, sai a yi musu ɗan jadawali a tsakiya mai haɗa lambar wannan da ta wancan. Abin da lissafi zai iya fitarwa, kamar shekarun kwamfuta ko darajarta bayan ta tsufa, ba a ajiye shi. A ajiye ranar saye da farashi, rumbun ya lissafa duk sanda aka tambaya.

In an gama zana akwatunan an ja layukan da ke haɗa su, akwai wani makulli da dole a murɗa a cikin manhajar, wanda ke hana rumbu karɓar miƙawa zuwa ga ma'aikacin da babu shi, ko goge dillalin da har yanzu kayansa ke cikin rajista. A kusa da shi akwai wani zaɓin mai cewa in an goge uwa a goge 'ya'yanta. Wannan ku yi nesa da shi. Ka goge ma'aikaci ɗaya da ya bar aiki, duk tarihin abin da ya taɓa riƙewa ya bi shi. Wanda ya bar aiki alama ake sa masa cewa ya tafi. Na'urar da ta mutu ko aka yi gwanjonta ko ta ɓace, halinta ake canzawa, layinta yana nan.

Yanzu sai fom. Jadawali ɗakin ajiya ne na mai tsarawa, bai kamata akawu ya riƙa shiga yana rubutu kai tsaye ba. Fom shi ne tagar da ake miƙa bayani ta ciki, kuma aikinsa na farko ya rage wa mai shigarwa rubutu. Duk abin da yake akwai a wani jadawali, zaɓa ake yi daga jeri: sunan ma'aikaci, ɗaki, samfuri, dillali. Akawu yana ganin suna, rumbu yana ajiye lamba a ɓoye, Muhammad ɗinmu ya koma mutum ɗaya. Halin na'ura ma jeri ne gajere: tana aiki, tana sito, tana wurin gyara, ta lalace, an yi gwanjonta, ta ɓace. In aka bar gurbin a buɗe, wani zai rubuta ta mutu, wani ba ta tashi, wani sai addu'a, ranar ƙidaya ba mai iya tattara su.

Kwanan wata yana buƙatar kulawa ta musamman. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurkawa wata suke farawa da shi, kuma kwamfutoci da yawa da saitin Amurka suke zuwa. Ka rubuta 03/04 kana nufin uku ga Afrilu, ita ta ajiye huɗu ga Maris, garanti ya ƙare maka wata guda kafin lokacin da kake zato. Fom mai kyau yakan sa kwanan yau da kansa, ya ba ka ɗan kalanda ka taɓa, ya kuma nuna watan da sunansa. Ya ƙi karɓar ranar dawowa da ta riga ranar fita. Ya ƙi rufuwa in babu lambar gida. Amma kada a tilasta cike kowane gurbi. Fom ɗin da ya matsa wa akawu sai ya sa farashin kwamfutar da aka ba da kyauta shekara goma da suka wuce, ƙarya zai koya masa, zai buga 1111 ya wuce.

Fom nawa ake bukata? Kaɗan. Ku bi ayyukan da ake yi a zahiri: karɓar sabon kaya, miƙawa da dawowa, fita gyara. Sai babban fom na na'ura, wanda ka buga lambarta a sama bayananta su fito, a ƙasa kuma ƙananan fom biyu suna nuna duk hannun da ta bi da duk gyaran da ta sha. A fom ɗin karɓar kaya, a jera guraben yadda suke a takardar da dillali ya kawo, don idon akawu ya riƙa tafiya daga takarda zuwa allo ba tare da tsalle ba. Fom ɗin miƙawa kuma ya rufe tsohon layi da kansa in an buɗe sabo, sannan ya buga 'yar takarda mai wurin sa hannun mai bayarwa da mai karɓa. A ma'aikatunmu har gobe sa hannu a takarda shi ne hujja, odita ba zai karɓi allo a madadinsa ba. Mai ɗan hali ya sayi na'urar karanta lambar zane-zane. Kwamfuta kallon kibod take mata, ka haska ta buga lambar a gurbi, an huta da kuskuren yatsa. Kafin ku ce an gama, ku zaunar da wanda zai yi aiki da fom ɗin kullum, ku ba shi takardu goma ya shigar, ku koma gefe ku yi shiru. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya, a nan gyara yake.

Ribar wannan wahala a wurin tambaya take fitowa. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10 na yau da kullum. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: ram aƙalla gigabait 4, ma'adana gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Shugaban ma'aikata ya kira ka ya ce nawa ne cikin namu ba za su hau sabuwar ba, kuma a waɗanne ofisoshi suke? Mai shafi ɗaya mako zai yi yana zagaye. Mai rumbu, in ya sa wannan bayani a jadawalin samfura da na na'urori, tambaya ɗaya zai rubuta: ta tashi daga samfuri, ta bi ta na'ura, ta faɗa miƙawa, ta fito da sunayen ɗakuna. Haka garantin da zai ƙare cikin wata uku, haka kayan da suka kwana arba'in a wurin gyara.

Da wace manhaja za a yi? Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma ita ce mafi sauƙi. Microsoft Access, wadda ta fito tun 1992, tana da jadawali da fom da rahoto a wuri ɗaya, sai dai a Windows kawai take aiki, kuma fayil ɗinta ba ya wuce gigabait 2, don haka kada a cusa mata hotuna. LibreOffice Base kyauta ce. In ma'aikatar babba ce mai rassa, sai a koma ga PostgreSQL ko MySQL. Akwai ma waɗanda an riga an gina su don wannan aikin, irin su Snipe-IT da GLPI. Ita GLPI daga Faransa ta samo asali, masu saurarenmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai za su same ta da Faransanci. Ko wacce kuka ɗauka, wanda ya yi zanen nan a takarda shi zai san abin da zai cike da abin da zai tsallake.

In mutum biyu ko uku za su yi aiki da Access a lokaci ɗaya, a raba fayil ɗin biyu: jadawalai a kwamfuta ɗaya mai UPS, fom-fom a kwamfutar kowa. Ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu yana iya lalata fayil, kuma mun san halin wutarmu. Kwafin ajiya kuwa kowane mako, ɗaya a filas ko wata ma'adana da ba ta kwana a ofis ɗin, wani a intanet in da hali. Lokaci-lokaci a buɗe kwafin a tabbatar yana buɗuwa. Sau ɗaya ko biyu a shekara a buga jerin kowane ɗaki, mutum biyu su zaga, ɗaya na karanta lambar jikin na'ura, ɗaya na sa alama. Wanda ke riƙe da rajistar kada ya zama shi kaɗai ne mai ƙidayar.

Sai ranar rabuwa da na'ura. Kafin a yi gwanjon kwamfuta ko a ba da ita kyauta, ma'adanar cikinta na ɗauke da albashin mutane, ko sakamakon ɗalibai, ko bayanan marasa lafiya, kuma gogewar da aka saba yi ba ta hana mai wayo dawo da su. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Saboda haka a fom ɗin fitar da kaya a sa gurbi uku na dole: an share ma'adanar sharewa ta haƙiƙa ko an cire ta an fasa, wa ya yi, wa ya shaida. In ba a cike su ba, fom ya ƙi canza halin na'urar zuwa an yi gwanjonta.

Lokaci ya cim mana, masu sauraro, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.